Wa Ya Taɓa Tuƙa Tuwon Citta?

Duk ranar da zancen hunturu ya taso a ajinmu, sai 'yan Kano da Katsina su karɓe shi kamar gadon gidansu. In na sa baki na ce ai mu ma muna da namu a Kudancin Kaduna, sai a kwashe da dariya, a ce ku da ba ku san komai ba sai ruwan sama da doguwar ciyawa. To, ba zan ja da su ba. Ƙurar da ke turnuƙe Daura ba ta isowa gare mu da ƙarfinta, sanyinmu kuma bai kama ƙafar na Jos ba. Amma duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyenmu, can kan hanyar da ta tashi daga Kafanchan ta nufi Kwoi, a makon ƙarshe na watan Disamba, ba zai ƙara cewa ba mu san ɗari ba. Da asuba ruwan randa sai ka ce an jefa masa ƙanƙara. Duwatsun Kagoro, waɗanda da damina ake ganinsu shar daga cikin garin Kafanchan, sai hazo ya haɗiye su ɗungurungum, a yi kwana uku ba a san suna nan ba.

Sai dai ba sanyin ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wata gardama ce da aka daɗe ana yi a gidanmu tsakanin mahaifina da mahaifiyarsa, wadda ba ta tashi sai da hunturu, kuma har yau ba a raba ta ba. Mai karatu ba zai gane kanta ba sai ya san gidan da abin da ake ci a cikinsa.

Gonarmu ta gado ce, kashi uku. Akwai fadama a bakin rafi, inda ake gwaza da ɗan rake da ganyen miya. Akwai babbar gona mai jar ƙasa, ta masara da dawa da citta, ita ce ta Baba. Sai wani tudu mai tsakuwa a bayan gida, wanda ko akuya ba ta cika sha'awarsa ba. Wannan na Kaka ne, kuma tun kafin a haifi Baba abu ɗaya ta sani a can, watau acca. In ta hutar da shi shekara guda da gyaɗa ko gurjiya, shekara mai zuwa sai ta koma wa accarta.

Da hunturu Kaka ce ke fara tashi. Tun zakara bai yi cara ta biyu ba za ka ji tana tone tokar jiya, tana neman garwashin da ya kwana da rai. Ba ta yarda da ashana ba. A wurinta macen da wutarta ta mutu cikin dare ragguwa ce. Sai ta ɗora totuwar masara da karan dawa ta hura. Mu yara kuwa mu riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ƙudundune cikin zanen uwarsa, mu kewaye murhu muna miƙa tafin hannu, gaba yana jin zafi baya yana kaɗawa. Gaskiyar magana ba wutar kaɗai ke fito da mu ba. A cikin tokar nan akwai gwaza ko dankali ko guntun doya da Kaka ta binne tun dare. A kankare baƙin, a ɓare, a dangwala cikin manja da dakakken barkono da gishiri. In tuwon jiya ya yi saura a yi ɗumame. A bisa murhu kuma ga tukunyar ruwa tana tafasa, an daddaka ɗanyar citta an jefa. Shi ne shayinmu, in da sukari to, in babu a sha haka nan. Wanka kuwa sai rana ta take, shi ma sai Mama ta ɗauko tsumagiya. Ƙafafunmu duk faso, leɓe a tsattsage, ƙwauri fari fat kamar mun yi birgima a cikin gari. Man kaɗe ne maganinsu, Kaka ta narka shi a bakin wuta ta murje mu kamar za ta ɗaye fatar.

Wanda bai san ƙasarmu ba yana iya ɗauka cewa bayan an kai amfani gida manomi hutu yake yi. A wurinmu lokacin ne aikin kuɗi ke farawa. Ana shuka citta a watan Afrilu ko Mayu, a lulluɓe ta da ciyawa da ganye, ta yi wata bakwai ko takwas a ƙasa, sai ganyenta ya bushe wajen Nuwamba zuwa Disamba a fara tono. Iri biyu muke da su: tafin giwa, mai kauri, cikinta ruwan ɗorawa, da yatsun biri, siririya mai duhu-duhu. 'Yan'uwa ɗalibai su lura, masu noman nan Ham ne da Bajju da Gwong da Adara da sauransu, kowa da harshensa, amma sunan da cittar ke amsawa na Hausa ne, domin Hausa ce harshen sikeli da buhu. An fara nomanta don sayarwa a wannan yanki wajen 1927, a daidai lokacin da layin dogo ya mai da Kafanchan mahaɗar jiragen ƙasa masu zuwa Kaduna da Jos da Fatakwal. Jirgin ya yi shekarunsa ya kwanta, citta ba ta kwanta ba.

In an tono ta an kawo gida, sai kowa ya ɗauki wuƙa. Kowace saiwa sai an tsaga ta biyu a tsaye, sannan a baza a kan falalen dutse ko a kan leda a tsakar gida. Iskar hunturu ita ce injin busarwarmu, ba mu da wani. Da yamma a tattara saboda raɓa, da safe a sake bazawa, har sai ta bushe ƙayau tana ƙara in an zuba ta a buhu. Wanda bai taɓa tsaga citta da hannu mai faso ba bai san yaji ba. Ruwanta ya shiga tsagar fata, ka yi ta yarfe hannu, ga shi ba dama ka goge hawaye. Gari duk ya ɗauki ƙamshi, har zanen rufarmu ƙamshin citta yake yi. Daga nan sai dillalai da manyan motoci. Da kuɗin citta ake rufin kwano, da shi ake sayen babur, da shi ake biyan sadaki. Ni kaina da shi na yi firamare da sakandare, don haka ba zan zage ta ba.

To, a irin daren nan ne, in an gama tsaga an kewaye wuta, Baba kan fara lissafinsa. Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa, ya ce, "Mama, tudun nan da za ki bar mini shi shekara biyu kacal, in zuba masa kashin kaji in sa citta, abin da zai ba mu sai ya saya miki accar shekara biyar, ki zauna ki huta." Kaka takan bari sai ya kai aya. Zan rubuta amsarta yadda take faɗa, malaman nahawu su yi mini haƙuri, domin Hausar Kaka irin ta mutanenmu ce, ba ruwanta da jinsi, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta. Sai ta ce, "Citta yana da kyau, ban ƙi ba. Amma wa ya taɓa tuƙa tuwon citta?" Shi ke nan, sai ta ja zanenta ta shige ɗaki. Shekara da shekaru haka, kamar karatun da aka haddace.

Ni a lokacin bayan Baba nake ɗari bisa ɗari, kuma ina da dalilina. Acca ba ta da wuyar shuka. Watsa ta ake yi in ruwa ya zauna, ba ta neman taki, ƙasar da masara za ta raina ita a nan take murna. Wahalarta tana gaba. In ta nuna ba ta jira, kwana kaɗan aka yi sakaci sai ta kakkaɓe a ƙasa, tsuntsaye su yi biki. Saboda haka gayya ake kira, maza su jeru da lauje suna yanka, mata suna bin baya suna ɗaure dami, a yi musu kunu, masu shan burkutu a nemo musu nasu. Bayan ta sha iska a tattake ta da ƙafa har ƙwayar ta rabu da kara. Duk wannan somin-taɓi ne. Aikin gaske na mata ne, kuma da hunturu ake yinsa, a bakin turmi.

Ƙwayar acca ba ta kai kan allura girma ba, ga ta da riga a kan riga. A surfa, a bakace a faifai, a mayar turmi, a sake surfawa, a sake bakacewa, sau uku ko huɗu kafin ta yi fari. Iska tana kwasar ƙaiƙayin tana watsa maka a wuya da ido. Kina gama wannan sai wanki, sannan uwar wahala, watau regaya. Abin da ya sa kuwa, ƙwayar acca da ƙwayar yashi kusan girmansu ɗaya, babu rariyar da za ta raba su. Ƙwarya biyu ake ɗauka. A zuba accar a ɗaya da ruwa, a riƙa juya ta a hankali ana karkatawa, accar da ta fi sauƙi tana bin ruwa tana gangarawa cikin ɗaya ƙwaryar, yashin yana kwantawa a gindi. A zubar da shi, a sake daga farko. Kaka takan yi sau shida ko bakwai, tana yi tana hira, ko kallon ƙwaryar ba ta yi. Ruwan kuma na rafi ne, na hunturu, yatsu su sandare har ba ka jin su. A wuni guda mace mai ƙarfi ba ta wuce 'yan mudu kaɗan. Na karanta daga baya cewa tun farkon shekarun 1990 wani malami ɗan ƙasar Senegal mai suna Sanoussi Diakité ya ƙera injin surfen acca. Allah ya saka masa, amma injin bai san hanyar ƙauyenmu ba. Ni da yayata mu ne injin. Yaya kuwa ba zan goyi bayan Baba ba?

Sai dai in tukunya ta hau wuta, ina mancewa da ɓangaren da nake. Abincin hunturu a gidanmu pate ne. Ranar da na fara faɗin haka a ɗakin kwananmu, wata ƙawata Bakanuwa ta gyara mini, ta ce fate ake cewa. Wata 'yar Jos ta ce a'a, gwate ne. Kowa ya riƙe nasa, tukunyar dai ɗaya ce, ko da yake su da tsakin masara suka fi saninsa. Mama takan ɗora ruwa da ƙashin saniya, in an je kasuwar Kafanchan, in ba a je ba busasshen kifi. Ta zuba wake ya yi laushi. Sannan jajjagen attaruhu da albasa, da daddawar kalwa, da niƙaƙƙiyar gyaɗa, da ɗan manja, da gauta don ɗacin nan da manya ke so yara ke tsincewa. In ya tafasa ya haɗa jikinsa, sai ta ɗebi acca da hannu ɗaya tana barbaɗawa, ɗaya hannun yana juya muciya don kada ta yi gudaji. A nan amarya ke jin kunya, domin acca ƙarama ce a ido amma ta iya kumbura. In kika zuba da yawa sai ki tashi da tuwo. Ƙaramin kwano ɗaya ya ishi gidanmu mai mutum takwas. Daga ƙarshe sai ganye, alayyahu daga fadama da yakuwar da aka shanya tun damina, ita ce ke ba shi tsamin nan mai tsinka yawu. A sauke, a zuba wa kowa a kwanonsa, a sha da zafinsa ana hurawa. Kafin ka kai rabi ka yar da zanen da ka rufa, gumi yana tsattsafowa a goshi alhali waje iska tana kaɗa kwanon rufi.

Ba pate kaɗai ba. Akwai tuwon acca da miyar karkashi, wadda Kaka ke kaɗawa da ruwan toka maimakon kanwa. Akwai kunun acca da gyaɗa da tsamiya, na mai jego da marar lafiya. Akwai kuma wanda na fi so ina ƙarama, dafaffiyar acca da nono da man shanu. Wannan ya daɗe da barin gidanmu, kuma barinsa yana da hannu a cikin gardamar da nake ba da labari.

A da, ana gama girbi sai Fulani su sauko da shanunsu gonar Baba, su ci karmami da ragowar kara, su kwana a nan mako biyu ko uku. Ba kyauta suke ci ba, taki suke bari, kuma kowane manomin citta ya san babu ƙasar da ta kai mashekarin shanu. Har rige-rige ake yi a kansu. Akwai wata dattijuwa a cikinsu da muke kira Inna, takan shigo da ƙwaryar nono ta zauna a bakin murhun Kaka, su yi ta hira cikin Hausar da ba ta ɗayansu ba, ta tashi da acca ko dawa a ƙwaryarta. A watan Afrilun 2011 rikicin bayan zaɓe ya ɓarke, aka yi asarar rayuka a Kafanchan da Zonkwa da Matsirga, kasuwar Kafanchan ta ƙone. Ina 'yar shekara takwas. Ba zan shiga zancen wa ya fara ba. A ƙasarmu gidan Kirista da na Musulmi, kowa yana da kabarin da zai nuna. Abin da na sani shi ne, hunturun wannan shekarar shanu ba su sauko ba, Inna ba ta shigo ba, kuma ba mu ƙara ganinta ba. Daga nan Baba ya koma sayen takin zamani da kashin kaji, kowace shekara farashin yana hawa. Noman citta ya zama sai da jari, jari kuma sai da bashi. Shi ya sa lissafinsa na bakin wuta ya riƙa ƙara tsawo, muryarsa tana ƙara ƙarfi.

A shekarar 2023 na sami shiga jami'a. Baba ya ƙudura cewa ba zan rasa komai ba. Ya rage masara, ya mamaye kusan dukkan babbar gona da citta, ya karɓi kuɗi a hannun wani dillali a kan zai biya da kaya in an tono. Ba shi kaɗai ya yi haka ba. A wannan damina ce wata cutar fumfuna ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a da maƙwabtansu. Tun tsakiyar damina ganye ya fara yin rawaya yana kwantawa. In ka tona sai ka tarar saiwar ta ruɓe, ta yi laushi, tana wari. Gona ta kama daga gona kamar wutar daji. Mama ta ce Baba ya sayi magani iri uku ya fesa, kamar yana ƙara mata ƙarfi.

Da na zo hutun Disamba, tun daga bakin hanya na san an yi rashi, ko da yake ba wanda ya mutu. Falalen duwatsu fayau, babu shanya. Babu ƙamshi. Babu manyan motoci. Hunturu yana ta busawa a banza, bai sami abin busarwa ba sai mu. Wuƙaƙen tsaga suna soke a jikin danga sun fara tsatsa. Baba ya rame, yana zama a bakin wuta har dare ba ya ɗaukar tsinke. Ranar Kirsimeti, wadda muka saba dafa babbar tukunyar shinkafa mu aika wa maƙwabta, mudu biyu aka auna, kaza ɗaya aka yanka. 'Yan zumuntar mata dai ba su fasa kiɗa tulunsu a coci ba, amma ba wadda ta ɗinka sabon zane. Bikin Afan na Kagoro, da muke cika mota mu tafi kowace ranar 1 ga Janairu, ko zancensa ba a yi ba. Masarar da aka samu kuwa, kowa ya san ba za ta kai Ista ba.

Kwana biyu bayan Kirsimeti Kaka ta kira autanmu, ta sa aka jingina tsani a jikin ƙaramin rumbunta, aka ɗaga murfin, aka zura shi ciki da ƙwarya. Rumbun nan ba wanda ke leƙa shi sai da izininta, mun ɗauka ɗan abin da ta girbe a shekarar ne kawai a ciki. Ashe har da ta bara da ta bara waccan. Acca in ba a surfa ta ba tana shekaru a rumbu ba ta komai. Duk shekarun da muke yi mata dariya, tana ci tana ragewa. Yaron ya yi ta miƙo ƙwarya, Mama tana juyewa a buhu, Baba yana tsaye daga nesa ya harɗe hannu. Na zuba ido in ji Kaka ta maimaita tambayarta, don ranar ce ranarta. Ba ta yi ba. Ni ta juyo ta kalla ta ce, "Kai ɗan makaranta, ka tsaya kallo? Turmi yana jiranka."

Hutun nan gaba ɗaya a bakin turmi na yi shi. Safe kunu, dare pate, ran Lahadi tuwo. Da lokacin komawa ya matso, ni da Mama muka ɗauki abin da muka surfa muka rege muka kai kasuwar Kafanchan. A nan na sha mamaki. Mudun acca ya fi mudun shinkafa kuɗi, masu saye kuma ba irinmu ba ne. Ma'aikata ne, da masu ciwon suga, da mata masu sari su kai Abuja a ƙulla a leda a manna takarda. Kafin azahar mun karkaɗe buhu. Da kuɗin nan aka cika mini na rajista. Daga baya ne na san cewa abin da Turawa suka taɓa raɗa wa suna shinkafar yunwa, a ƙarshen 2018 Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a kasuwanninta, kuma a ƙasar Gini, wadda ta fi kowa nomanta, abincin girmama baƙo ne. Wani abin dariya ma, shekarar 2023 ɗin nan ita ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don tunawa da gero da danginsa, har da acca. Ba wanda ya aiko wa Kaka takardar gayyata.

Kada mai karatu ya ɗauka ina nufin acca ta ɗauke mana komai. Ba ta biya bashin dillali ba, babur ɗin Baba ne ya biya. Ba ta hana ƙanena zaman gida na zango biyu ba. Ciki ta riƙe, shi ke nan, amma wanda ya ga yadda wasu gidaje suka ƙarasa wannan rani ya san riƙe ciki ba ƙaramin abu ba ne. Kuma in masu rubutu a jarida suna yabon abincin gargajiya, nakan tuna da maganar Mama, da ta ce duk mai yabon acca a fara nuna masa taɓarya. Bayan Kaka ya ranƙwafa, ba shekaru kaɗai suka ranƙwafa shi ba. Samarin da ke zuwa gayya don kunu yanzu sai an yi cinikin kuɗi. Yayata ta yi aure a Kaduna, ta rantse ba ita ba turmi. Lissafin Baba na bakin wuta ba ƙarya ba ne. A shekara tara cikin goma shi ke da gaskiya. Ta goman ce kawai bai saka a lissafi ba.

Hunturun bana na koma gida na tarar gardamar ta sake sabon salo. Irin citta ya yi tsada tun bayan annobar, amma Baba ya lallaɓa ya sami ɗan kaɗan, ya binne a inuwa yana tattalinsa kamar ƙwai. Malaman gona kuma sun ce kada a mayar da ita inda ta ruɓe, a nemi ƙasar da ba ta taɓa ganin citta ba. A duk gadonmu wuri ɗaya ne tak ya cika wannan sharaɗi. Yanzu Baba ba ya zane a ƙasa, ba ya ɗaga murya. Cewa yake yi, "Mama, rabi kawai. Ki riƙe rabi." Kaka kuwa yana ta rufe mata ido ɗaya, ba ta iya hawa tudun sai da sanda, ita ma ta san ba ita za ta ƙara watsa iri a can ba. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Tambaya ta sake: "In na riƙe rabi, wane ne zai rege?" Mama ta sunkuyar da kai. Kowa ya juyo yana kallona, ni da nake aji uku ina fama da ilimin furuci da tsarin sauti.

Washegari ta sa na ɗauko ƙwarya biyu muka zauna a bakin rijiya. Ta ɗora hannunta a kan nawa tana juya ni da ƙwaryar gaba ɗaya. Ta ce kada in kalla, in saurara. Yashi yana da ƙararsa a gindin ƙwarya, in ƙarar ta ɗauke an gama. Na saurara iyakar iyawata, ban ji komai ba sai haƙorana suna haɗuwa. Na yi sau bakwai kamar yadda take yi, na ce ta fita. Ta sa yatsa biyu ta murza, ta yi shiru, ta ce in kai wa Mama.

Da dare aka yi pate da ita. Baba ya kai ludayi na uku sai muka ji ƙaras. Ya dafe kunci, ya juya ya tofar, bai ce uffan ba. Autanmu ya fashe da dariya har ya ƙware. Kaka ta ci gaba da shan nata a hankali, tana tacewa da harshe, sai da ta side kwanon sannan ta ce gobe in tashi da wuri.

Maganar tudu an bar ta sai hutun Ista, in ruwan fari ya sauka. Ranar da zan dawo makaranta na ga Baba ya zagaya can da sassafe, yana auna faɗinsa da taku. Kaka tana zaune a bakin murhu ta ba shi baya, tana ɗure irin acca a cikin gora tana toshe bakin da totuwa.